HCI a sashen kwamfuta, a makarantar dizain, ko a sashen halayyar ɗan Adam: wanne ya dace da kai?

Mutum uku za su iya ce maka duk HCI suka karanta a jami'a, amma idan ka zaunar da su ka ce kowa ya faɗi yadda ya cinye shekararsa ta ƙarshe sai ka rantse ba kwas ɗaya suka yi ba. Ɗaya ya kwana yana kodin, wato rubuta umarnin kwamfuta, yana haɗa wata na'ura da ke gane motsin hannu, ɗaya ya cika bango da takardun zane ana ta yi masa gyara a gaban 'yan aji, na ukun kuma mutum arba'in ya tara ɗaya bayan ɗaya yana auna sakan nawa kowa ya ɗauka kafin ya gano maballin da ake so ya danna. Duk ukun gaskiya suka faɗa, sunan ne kawai ɗaya. Shi ya sa nake jin ba daɗi idan na ga yaro ko yarinya sun cike fom don kawai sun ga haruffan nan uku a jikin sunan kwas, sai an yi wata biyu da fara lakca mutum ya gane ba inda ya nufa ba kenan, alhali kuɗi da lokaci sun riga sun tafi.

Shi dai HCI ilimin mu'amalar mutum da kwamfuta ne, wato yadda za a ƙera manhaja ko na'ura ta yadda mai amfani da ita zai gane abin da take nufi, ita ma ta amsa masa yadda ya zata. Mutane da yawa sun ɗauka harkar kwalliyar sikirin ce, zaɓen kala da gyara gefen maballi. A'a wallahi abin ya wuce nan. A watan Maris na 1979 a tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke Amurka wani bawul ya maƙale a buɗe ruwan sanyaya injin yana ta zuba, amma fitilar da ke gaban ma'aikata ba ainihin halin bawul ɗin take nunawa ba, abin da take nunawa kawai shi ne an aika masa umarnin rufewa. Su kuma suka ɗauka ya rufu, aka shafe sama da awa biyu kafin a toshe hanyar. Ma'aikatan nan ƙwararru ne, fitilar ce ta faɗa musu abin da ba shi ba. To irin wannan matsalar ce asalin abin da fannin yake magani, ko a ɗakin sarrafa nukiliya ko a manhajar banki da ke cikin wayarka.

Ra'ayina tun daga farko, don kar in ja ka da nisa: abin da jami'a za ta ba ka wanda da wuya ka samu kai kaɗai a ɗaki ba koyon Figma ba ne, wato manhajar zana sikirin, wannan cikin 'yan makonni za ka iya shi. Abin da za ta ba ka shi ne yadda ake gano gaskiyar abin da mutane ke yi da abin da ka ƙera, da kuma mutanen da za su duba aikinka su faɗa maka ba kyau ba tare da kara ba. Da wannan ma'aunin nake auna kowace hanya a ƙasa.

Mu fara da HCI na sashen kwamfuta tunda shi ne ya fi yawa. A nan kai injiniya ne da aka ƙara wa ilimin mutane. Za ka yi kodin sosai, za ka gina abin da ke aiki da gaske ba hotonsa ba, kuma za ka haɗu da abubuwa irin su dokar Fitts wadda Paul Fitts ya fitar a 1954, mai cewa lokacin da hannu zai ɗauka ya kai ga wani abu ya dogara ne da nisan abin da kuma girmansa, ƙaramin maballi mai nisa ya fi cin lokaci kuma an fi kuskurensa. Tunanin nan ne a bayan shawarar da Apple ke bayarwa cewa abin taɓawa a sikirin kar ya gaza maki 44 ta kowane gefe, su kuma Google suka ce 48 a ma'auninsu. Tarihin fannin ma daga wannan ɓangaren ya fi fitowa, Douglas Engelbart da ya nuna wa duniya linzamin kwamfuta a 1968, da mutanen cibiyar binciken Xerox PARC da suka yi kwamfutar Alto a 1973 mai tagogi a sikirin, har abin ya iso hannun jama'a ta Macintosh a 1984. Idan burinka bincike ne da digiri na uku, nan ne ƙofar ta fi faɗi, saboda babban taron fannin da ake kira CHI a ƙarƙashin ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM yake tun farkon shekarun 1980, kuma a duniyar kwamfuta takardar da aka karɓa a irin wannan taron tana da nauyi ƙwarai, sau da yawa ma fiye da ta mujalla.

Amfaninsa babba shi ne ba ka dogara da kowa kafin tunaninka ya zama abu mai motsi, kuma ranar da injiniya ya ce maka "wannan ba zai yiwu ba" kana da bakin tambayarsa dalili. Sannan idan kasuwar dizain ta yi sanyi kana da wata sana'ar a hannu. Inda yake da rauni kuwa, a wasu jami'o'in HCI ɗin kwas ɗaya ne ko biyu da aka maƙala a jikin digirin kwamfuta, lakcara ya karanto ƙa'idoji goma na sauƙin amfani da manhaja da Jakob Nielsen ya fitar a 1994, a haddace a rubuta jarrabawa, shikenan an wuce wajen, ɗalibi ya gama bai taɓa zama kusa da wani baƙo yana kallonsa yana fama da abin da ya gina ba. Kuma idon zane ba ya samuwa a nan sai ka nema da kanka, shi ya sa za ka ga manhajar da ke aiki daram amma rubutu a cunkushe, komai girmansa ɗaya, ido bai san inda zai fara sauka ba.

Makarantar dizain kuma wata duniya ce daban. A nan ana kiran abin dizain ɗin mu'amala, kuma karatun a situdiyo ake yinsa, ba zaman lakca ba ne yawanci. Ana ba ku matsala, ku tafi ku dawo da zane, a manna a bango, kowa ya tsaya a kai. Na taɓa zama a irin wannan zaman gyaran, wata ɗaliba ta kawo sikirin ɗin yin rajistar ganin likita da ta yi sati biyu tana gogewa, malamar ba ta ce komai a kan kala ba, sai kawai ta sa yatsa a kan wani ɗan rubutu mai launin toka a ƙasa ta ce "idan mahaifiyarki ce ta zo nan da daddare hankalinta a tashe yaro na zazzaɓi, za ta ga wannan?" Ɗakin ya yi tsit. Ɗalibar ta cire takardar ta koma ta sake daga farko, kuma na biyun ya fi na farkon nesa ba kusa ba. Wannan horon na jure gyara da yin zane goma ka zubar da tara, ban san wani wuri da ake samunsa kamar situdiyo ba. Makarantu irin su Umeå a Suwidin da kwas ɗin Design for Interaction na jami'ar TU Delft a Holan sun yi suna a wannan layin, duka biyun mastas ne na shekara biyu, kuma galibin makarantun dizain fotfoliyo suke fara dubawa kafin su ɗauke ka, to idan ba ka da ayyukan nunawa sai ka fara tara su tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Raunin wannan hanyar shi ne hujja. Mai dizain zai iya fitowa da abu mai kyau da ma'ana amma idan manaja ya tambaye shi "ta yaya ka san wannan ya fi wancan?" sai ya koma ga yadda yake ji a ransa. Ƙididdiga ba ta da ƙarfi a yawancin situdiyo, kodin ma sama-sama ne. Idan kai mai son lamba ne da tabbatarwa za ka ji kamar ana tafiya a kan ra'ayi kawai, idan kuma kai mai son ƙirƙira ne da hannu, nan ne za ka ji ka iso gida.

Hanya ta uku ita ce wadda aka fi mantawa da ita kuma ni ita na fi tausayin yadda ake raina ta, wato ta sashen nazarin halayyar ɗan Adam, inda ake karantar yadda ƙwaƙwalwa ke lura da tunawa da yin kuskure. Ita ce ma tsohuwar cikinsu. Lokacin yaƙin duniya na biyu matuƙan jirgin B-17 sun yi ta janye ƙafafun jirgi bayan sun sauka alhali fukafukin rage gudu suke son taɓawa, ana ta cewa sakacin matuƙa ne, sai wani masanin halayya Alphonse Chapanis ya lura cewa makunnan guda biyu kamarsu ɗaya kuma suna maƙwabtaka. Aka sa wa na ƙafafun siffar taya, ɗayan kuma siffar fiffike, ta yadda hannu kaɗai zai bambance su ko ba a kalla ba, matsalar ta kau. Darasin da ɗaliban wannan layin ke sha tun ranar farko kenan, kafin ka ɗora wa mutum laifi ka duba abin da aka ba shi ya yi aiki da shi.

A nan za ka koyi tsara gwaji, da yin intabiyu ba tare da ka sa wa mutum amsa a baki ba, da ƙididdiga ta gaske, da neman izinin kwamitin ɗa'a kafin ka gwada komai a kan mutane. Za ka san ma'auni irin su SUS na John Brooke, mai auna sauƙin amfani da manhaja ta tambayoyi goma, wanda matsakaicin makinsa yake wajen 68 cikin 100, kuma mafi muhimmanci za ka san iyakar kowace dabara. Misali maganar nan da ta yaɗu cewa mutum biyar sun isa gwaji, daga aikin Nielsen da Tom Landauer na 1993 ta samo asali, kuma tana da amfani idan so kake ka tono manyan matsaloli a wurin rukuni ɗaya na masu amfani ka gyara ka sake gwadawa, amma ba ta isa ka ce "kashi kaza na mutane sun fi son wannan" ba, wannan sai da adadi mai yawa. Wanda ya yi gajeren kwas sau da yawa lambar biyar ɗin kawai ya riƙe, wanda ya yi wannan karatun ya san yaushe take aiki yaushe ba ta yi.

Kuma bari in faɗa maka yadda gwajin yake a kusa, don shi ne zuciyar aikin. Ka zaunar da mutum gaban waya, ka ce masa "ba kai muke gwadawa ba, manhajar muke gwadawa, duk abin da ya zo maka a rai ka faɗa da baki." Sai ka ba shi aiki, ka ce ya canza lambar sirrinsa. Sai ka yi shiru. Shirun nan shi ne mafi wuya, kana ganin yatsarsa tana wuce maballin sau uku, maballin da kai ka sa a wurin kana ganin ko makaho zai gan shi, bakinka na ƙaiƙayi ka ce "ga shi nan a sama" amma ba dama, sai dai ka rubuta. Daga ƙarshe ya ɗago ya ce "ni fa ban iya irin waɗannan abubuwan ba," yana ba kansa laifi a kan kuskuren da ba nasa ba. Duk wanda ya taɓa jin wannan jimlar daga bakin dattijo ba ya ƙara yin zane kamar da. Raunin layin dai a fili yake, za ka iya fitowa ka iya gano ciwo amma ba ka iya haɗa magani ba, ba zane ba kodin, kuma guraben masu bincike zalla a kamfanoni ba su kai na masu dizain da injiniyoyi yawa ba, ƙaramin kamfani yakan so mutum ɗaya da zai yi duka.

To akwai kwasa-kwasan da suka haɗa ukun, kuma idan da hali su nake fara ba da shawara. Mastas ɗin HCI na jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka shekara ɗaya ne cur, zango uku, ana haɗa ɗalibai daga fannoni daban-daban a tim ɗaya su yi wa wani kamfani ko ma'aikata aiki na watanni. Na jami'ar Georgia Tech, ita ma a Amurka, shekara biyu ne kuma makarantu huɗu ne suka haɗa hannu a kai, ta kwamfuta da ta halayya da ta dizain ɗin kayayyaki da ta adabi da sadarwa, ɗalibi ya zaɓi inda zai fi karkata. A Ingila na jami'ar UCL da ke Landan shekara ɗaya ne, cibiyar da ke koyar da shi kuma tsakanin sashen kwamfuta da na halayya take. Sai dai a sani haɗin gambiza ma yana da nasa haɗarin, a shekara ɗaya ba za ka zama gwani a abu uku ba, taura biyu ma ba ta taunuwa balle uku, abin da ke faruwa shi ne ka zurfafa a wanda ka zo da shi ka iya yaren sauran biyun. Saboda haka wanda ya shigo ba shi da ƙafa a ko ɗaya yakan fita da ɗan kaɗan daga kowanne.

Maganar shekara ɗaya ko biyu ma ba ƙarama ba ce. Shekara ɗaya ta fi sauƙin kuɗi kuma ka koma aiki da wuri, ta dace da wanda ya riga ya yi aiki ya san abin da ya zo nema. Shekara biyu tana da hutu a tsakiya da ake zuwa koyon aiki a kamfani, kuma ga mai canza layi wannan hutun shi ne sau da yawa ke zama gadar samun aikin farko, sannan akwai lokacin rubuta kundin bincike mai nauyi idan kana hangen digiri na uku.

Gajeren kwas fa, irin satifiket ɗin UX, wato dizain ɗin yadda mutum ke jin amfani da manhaja, da Google ta fitar a shafin karatu na Coursera a 2021 da sauran na 'yan watanni? Ba na raina su ko kaɗan. Hanya ce mai kyau ta ɗanɗana kafin ka zuba shekaru, kuma injiniya ko mai zanen hoto da ke aiki tuni yana so ya ƙara wannan a kan abin da ya iya, ƙila shi kaɗai ya ishe shi. Matsalar ita ce dubban mutane suna fitowa da fotfoliyo iri ɗaya, matakai iri ɗaya, matsalar da aka ƙirƙira da masu amfani na boge, kuma tun da manyan kamfanonin fasaha suka yi ta rage ma'aikata a 2022 da 2023 gurbin sabon shiga ya yi wuya. Ga kuma manhajojin AI da yanzu za ka rubuta musu jimla biyu su zana maka sikirin mai kyan gani. Abin da ba su yi maka shi ne zama da mutane, da gane cewa matsalar da aka ce ka warware ma ba ita ce matsalar ba. Idan gajeren kwas za ka yi to ka cike giɓin da kanka, ka nemi wata ƙungiya ko ƙaramar sana'a mai matsala ta gaske ka yi musu aiki ka gwada da mutanensu.

Ga wanda bai ma shiga jami'a ba tukuna, yawancin kwasa-kwasan HCI a matakin mastas suke, to kar ka damu idan ba ka ga sunan a jerin digirin farko ba. Ka ɗauki kwamfuta ko halayyar ɗan Adam ko dizain, wanda ka san za ka iya jure shekara uku ko huɗu a cikinsa, ka riƙa ɗaukar kwas na zaɓi daga sauran, aikin kammalawarka kuma ka karkatar da shi nan. Idan da ni za a tambaya kuma mutum ya ce duk ɗaya ne a wurinsa, zan ce kwamfuta, ba don ta fi daraja ba, sai don ita ce ta fi wuyar koya daga baya idan aiki da iyali sun taru a kai.

Kafin ka biya ko sisi, ka bar shafin talla na kwas ɗin ka nemo jerin darussan da kansu. Ka ƙirga nawa ne na hanyoyin bincike, ka duba ko akwai darasi a kan masu buƙata ta musamman, wato makafi da kurame da masu raunin hannu da waɗanda ba sa bambance wasu kaloli, domin ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa musu shafukan intanet tun 1999 suke, bugun 2008 kuma ya faɗi abubuwa dalla-dalla har da cewa bambancin hasken ƙaramin rubutu da bayansa kar ya gaza 4.5 zuwa 1, kwas ɗin da bai taɓo wannan ba a yau ya bar babban rami. Ka duba ko ana maganar mutanen da ba su iya karatu sosai ba, da harsunan da ake rubutawa daga dama zuwa hagu, da haruffa irin namu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, da har yanzu wasu fom-fom na intanet ke ƙin karɓa a cikin suna. Sannan ka nemo ayyukan ɗaliban bara ka buɗe uku ko huɗu ka karanta har ƙarshe, kar ka tsaya a hotunan. Abin da kake nema shi ne wurin da ɗalibin ya rubuta cewa ya gwada da mutane kaza, abu kaza ya faɗi, ya canza shi zuwa kaza. Idan ka samu wani da ya gama can ka tura masa saƙo ka tambaye shi sau nawa ya zauna da masu amfani na gaske kafin ya kammala, da kuma waye yake duba aikinsa duk sati, farfesan da sunansa ke kan shafin ne ko wani daban.